Ba sayen Efrem Gidey Ireland ta yi ba, ga abin da dokar sauya ƙasa ta ce

Duk sanda aka ga baƙar fata sanye da koriyar rigar Ireland yana gudu sai ka ji ana cewa ai kuɗi aka ba shi ya sayar da ƙasarsu, wasu har da cewa hukuma za ta ƙwace lambobin da ya ci. Jama'a wannan magana ba haka take ba, musamman a kan Efrem Gidey. Yaron nan ɗan Eritiriya ne, ya yi watanni a sansanin 'yan gudun hijira na Calais a Faransa kafin ya isa Ireland a 2017, ya shiga kulob ɗin Clonliffe Harriers a Dublin, a Disamban 2019 ya ciyo musu tagulla a Lisbon a gudun daji na 'yan ƙasa da shekara 20 na Turai.

Inda mutane ke rikicewa shi ne maganar jiran shekara uku kafin ɗan wasa ya sauya ƙasa. A Fabrairun 2017 hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya IAAF, wadda yanzu ake kira World Athletics, ta dakatar da sauya ƙasa gaba ɗaya saboda yadda ƙasashe irin su Bahrain da Turkiyya ke kwasar 'yan Kenya da Habasha, Ruth Jebet 'yar Kenya tana yarinya ta koma Bahrain har ta ciyo musu zinare a Rio 2016. A 2018 aka buɗe da sharuɗɗa: sai ka jira shekara uku, sai ka kai shekara 20, sau ɗaya ake sauyawa, kuma akwai kwamitin da zai bincika ko da gaske an ba ka cikakken haƙƙin ɗan ƙasa.

To amma fa wa ake nufi? Wanda ya riga ya wakilci wata ƙasa a gasa yake son komawa wata, shi ne mai sauya sheƙa. Wanda ya baro gida yana yaro bai taɓa sa rigar kowa ba, me zai sauya? Nasa shi ne ya cika sharuɗɗan wakiltar ƙasar da ta karɓe shi hukuma ta amince, shi ya sa aka ga Gidey a Lisbon yana shekara 19. Kuma jiran nan ba dakatarwa ba ce irin ta masu shan ƙwayoyi, kana iya shiga gudun fanfalaki na birane ka karɓi kuɗinka, rigar sabuwar ƙasar ce kawai ba za ka sa ba a manyan gasa.

Ni dai sharaɗin shekara 20 ya yi min daidai ƙwarai, cinikin yara ya kamata a hana. Amma shekara ukun nan tana da nauyi wallahi, ɗan tsere ƙuruciyarsa ce jarinsa, kuma ba kowa ne ya tafi don kwaɗayi ba, wani an yi watsi da shi ne a gida. Mu ma a Najeriya ai ɗan tserenmu Francis Obikwelu ya tafi Portugal ya ciyo musu azurfa a Athens 2004. Ɗan wasa ke zaman jira, hukumar ƙasarsa da ta yi sakaci da shi kuwa wannan dokar ba ta taɓa ta ba.