Waiwaye: Yadda Darajar Malamin Makaranta Ta Sauka a Arewa

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, malaman makaranta aka gina ta don ta horar. Daga cikinta Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama hedimasta a Bauchi. Malam Aminu Kano da Shehu Shagari ma da alli suka fara. A wancan zamani malamin elementare shi ke karanta wa gari wasiƙa, in ya wuce kan kekensa ana gaishe shi, in ya nemi aure ba a yi masa ja-in-ja. A 1948 Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa, wadda daga baya ta haɗe da NUT, ƙungiyar malamai ta ƙasa.

Al'amarin ya fara juyawa ne a 1976, da gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta. Niyya ce mai kyau, amma yara sun yi wa makarantu ambaliya fiye da abin da aka ƙiyasta. Sai aka shiga yaye malamai a gurguje, aka kafa cibiyar NTI a Kaduna don horar da su daga nesa, aka kwaso har waɗanda su kansu karatun bai zauna musu ba. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashi ya fara tsallake wata, sannan SAP, tsarin tsuke bakin aljihun gwamnati na 1986, ya zo ya cinye abin da ya rage. Albashin malaman firamare kuwa aka yi ta wasan ƙwallo da shi tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi: an kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, NPEC, a 1988, an rushe ta a 1991, an maido da ita a 1993. A ganina nan ne mutuncin ya zube, domin mutumin da sunansa ya cika littafin bashin mai kanti, ana tashi daga makaranta ya hau babur yana acaɓa, da wuya ɗalibinsa ya yi sha'awar gadonsa.

An yi ta gyare-gyare. An kafa hukumar rajistar malamai ta TRCN a 1993, aka ce NCE, shaidar kammala kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa. Sai dai ko a 2025 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne, ƙasa da na jami'a, wato wanda ya rasa tudun dafawa ake turawa ya koyar da 'ya'yan talakawa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, ta sallame su. An yi ta yi musu dariya a rediyo, ba a cika tambayar wa ya ɗauke su aiki ba.

Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba 2020, Shugaba Buhari ya yi alkawarin albashi na musamman da ƙara shekarun ritaya daga 60 zuwa 65. Batun ritayar ya zama doka a 2022. Albashin na musamman kuwa har yau malamai na jira, kuma a 2025 malaman firamare na Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki kan a biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.