Diyablotin, tsuntsun teku da ke ƙyanƙyasa a bakin gonar talaka

Kaza idan shaho ya ɗauke mata 'ya'ya biyu, takwas sun rage, kuma kafin a yi nisa ta sake wani kwancin. Akwai tsuntsayen da ba haka Allah ya yi su ba. Ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, idan ya fashe ko wani abu ya cinye shi, to sai baɗi kuma. Irin waɗannan su ne suke fara ƙarewa idan mutum ya matsa wa daji lamba, kuma sukan ƙare ba tare da an ankara ba. Ɗaya daga cikinsu nake so mu duba, jama'a, musamman 'yan uwana malaman gona, domin labarinsa rabi na tsuntsu ne, rabi na manomi.

Mutanen Haiti suna kiransa Diyablotin, masana kuma sun ba shi sunan Pterodroma hasitata. Tsawon jikinsa kusan santimita 40 ne, idan ya buɗe fukafukai sukan kusan kai mita ɗaya. Cikinsa fari ne, bayansa duhu, a kansa kuma akwai baƙin gashi kamar ya kafa hula. Mafi yawan rayuwarsa a tsakiyar teku yake yin ta, inda ko gaɓa ba a hangowa. Ruwan gishiri yake sha, jikinsa ya tace gishirin ya fitar ta wasu 'yan bututu biyu da ke kan bakinsa. Abincinsa ƙananan kifaye ne da wasu halittun ruwa masu laushin jiki da hannuwa da yawa, waɗanda suke tasowa saman ruwa da dare. Ana yawan ganinsa a tekun gabashin Amurka, daura da jihar Karolina ta Arewa, inda igiyar ruwan ɗumin nan da ake kira Gulf Stream take wucewa. Daga can zuwa inda yake haihuwa akwai tafiyar kusan kilomita 2,000.

Abu ɗaya ne yake kawo shi tudu, wato haihuwa. Kuma ba a bakin teku yake yin ta ba. Can ƙololuwar duwatsun tsibirin Hisfaniyola yake hawa, tsibirin da ƙasashen Haiti da Jamhuriyar Dominikan suka raba a yankin Karibiyan, a wuraren da tsayinsu ya haura mita 1,500, inda ake sanyi da hazo. A nan yake haƙa rami a gefen gangare, ko ya shige tsaguwar dutse a ƙarƙashin ciyayi da saiwoyi. Macen takan yi ƙwan a Janairu ko farkon Fabrairu. Ita da namijin suna kwanci bi da bi har kusan kwana 50, ɗaya na cikin rami ɗaya na teku neman abinci. Bayan ƙyanƙyasa, ɗan yana zaune shi kaɗai a rami wajen wata uku, iyayen suna zuwa jefi-jefi da dare su ɗura masa abinci su koma. Sai a Yuni ko Yuli yake fita, shi ma cikin dare, ya nufi teku ba tare da rakiyar kowa ba. A 2014 an ɗaura wa uku daga cikinsu na'urar da tauraron ɗan adam yake bibiya, sai aka ga iyayen suna zuwa har tekun da ke kusa da Kolombiya da Benezuwela don samo abin da za su ba ɗa guda.

Ku riƙe wannan lissafin a zuciya: wajen wata biyar ke nan ƙwai ko ɗan tsako yana kwance a ƙasa, ba ƙaho ba haƙori, ba ya iya tashi. Duk abin da ya sami wannan gangaren a cikin wata biyar ɗin nan, ya sami zuriyar shekarar gaba ɗaya.

A da suna da yawa ƙwarai a tsibiran Gwadaluf da Dominika, su ma a Karibiyan (Dominika daban take da Jamhuriyar Dominikan). A ƙarni na 17 da na 18 mutane suna hawa duwatsu su zaƙulo su daga ramuka saboda nama da kitse, har suka yi wuyar gani. Sannan aka zo da wata masifar da hannu. A 1872 aka kai tunku daga Indiya zuwa Jamaika don ya kashe ɓerayen da ke ɓarna a gonakin rake, daga nan aka baza shi a sauran tsibirai. Ɓera da dare yake yawo, tunku da rana, don haka ba su cika haɗuwa ba, sai tunkun ya koma wa ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Wani ɗan uwan Diyablotin da ke haihuwa a duwatsun Jamaika, rabon da a kama shi tun 1879. Shi ma Diyablotin an daɗe ba a san inda yake haihuwa ba, har sai a 1963 da wani masani ɗan tsibirin Bamuda mai suna David Wingate ya hau duwatsun Massif de la Selle a kudancin Haiti, ya ji kukansu da dare a gefen gangara. Duk da haka, sai a 2011 ma'aikatan wata ƙungiyar Jamhuriyar Dominikan mai suna Grupo Jaragua suka sami rami mai ƙwai a ciki wanda suka iya bibiya har ƙarshen kaka, kusa da iyakar ƙasashen biyu. Zuwa 2020 ramukan da aka sani kusan 100 ne kacal. Ƙiyasin da ake da shi, tsuntsayen da suka rage a duniya tsakanin 2,000 ne zuwa 4,000. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, gwamnatin Amurka ma ta sa shi a nata jerin a Disamba 2023.

Babban abin da ke cin sa yanzu ba mafarauci ba ne, gatari ne da fartanya da ashana. Haiti ƙasa ce da yawancin gidajenta da gawayi da itace suke girki. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa asalin dajin ƙasar, wanda ba a taɓa sarewa ba, bai kai kashi 1 cikin 100 na faɗinta ba. Ɗan abin da ya rage yana can a wuraren da hawansu ke da wuya, kuma a nan ne tsuntsun ya fake. Manomin kan dutse yana noma dankalin turawa da karas da kabeji da wake a gangare. Ruwan sama ya wanke masa ƙasa, shekara biyu uku gonar ta mutu, sai ya matsa sama ya sari sabon wuri, ya sa wuta ya share. Idan wutar ta kuɓuce masa a watannin rani, ta bi gangaren da ramukan suke, a daidai lokacin da 'ya'yan suke ciki.

Ni dai ban ga laifin da za a ɗora wa wannan manomi shi kaɗai ba. Wanda yake da baki bakwai a gida, ba ka zuwa masa da hoton tsuntsu ka ce ya ajiye gatari. Amma ga inda maganar take: dajin da yake riƙe ramin tsuntsun, shi ne yake riƙe ƙasar gonar, shi ne kuma yake tsare ruwan sama ya sa shi ya nutse a hankali maimakon ya kwararo gaba ɗaya. A watan Mayun 2004 an tafka ruwa a kan waɗannan duwatsu na kudu maso gabashin Haiti. Ba itatuwan da za su tare shi, sai ya gangaro da laka da duwatsu ya afka wa Mapou da Fonds-Verrettes a Haiti, da garin Jimaní a tsallaken iyaka. Mutanen da suka rasu sun kai 2,000. Waɗanda abin ya shafa ba sai an yi musu dogon bayani a kan amfanin itace a kan tudu ba.

Bayan sarar daji sai dabbobin da mutum ya kawo. Ɓera yana shan ƙwai, mage tana kama ɗan tsako har da uwar. A Valle Nuevo, a duwatsun Jamhuriyar Dominikan, inda aka gano ramuka a 2017, kyamarorin da aka kafa sun nuna tunku yana shiga yana ɓarna. A Loma del Toro kuwa, shi ma a Jamhuriyar Dominikan, a 2021, karnukan da aka sake suna yawo suka tone ramuka da dama suka kashe manyan tsuntsaye. Wannan ita ce asarar da ta fi ciwo, domin tsuntsun yana ɗaukar shekaru kafin ya fara haihuwa, kuma idan ya fara yakan daɗe yana yi, yana komawa rami ɗaya da abokiyar zama ɗaya. Kashe babba guda daidai yake da kashe 'ya'yan shekaru masu yawa. Abin da ma'aikata suka yi shi ne kafa tarkuna, da binne akwatunan katako masu ƙaramar ƙofa a madadin ramukan da aka rusa, yadda kare ba zai iya tonewa ba.

Sai kuma haske. Tsuntsun da ya saba tafiya cikin duhu, fitila mai ƙarfi tana ruɗa shi, musamman a daren hazo. A da ma wasu mazauna duwatsun sukan hura wuta a bakin gangare da dare, tsuntsayen su yi ta faɗowa a kanta ana tsinta. Yanzu fitilun gari da na ƙarafan sabis da aka kafa a kan tsaunuka su ne suke wannan aikin. Tsuntsu ya yi ta kewaya hasken har ya bugi wayoyin da suka ɗaure ƙarfen, ko ya gaji ya faɗo. Idan ya faɗo a fili ba ya iya tashi da sauƙi, saboda ƙafafunsa na iyo ne, yana bukatar gangare ko iska. Shawarar da ake ba mutanen yankin mai sauƙi ce: a sa shi a kwali mai huji, a ajiye a wuri mai sanyi nesa da kare da yara, kada a ɗura masa ruwa ko abinci, a kira ma'aikata su sake shi a inda zai iya tashi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin da aka yi a ƙauyen Boukan Chat na Haiti, wanda gonakinsa suka kai har bakin ramukan da ke dutsen Morne Vincent. Ƙungiyoyin da suka shiga wurin, irin su EPIC mai kula da muhallin Karibiyan da Plant With Purpose mai aiki da manoma da matasan Haiti masu kishin muhalli, ba su fara da kafa doka ko kiran jami'an tsaro ba. Sun fara da abin da yake damun mutane. Ƙauye ne a kan dutsen da ruwa yake zurarewa, don haka aka taimaka da wurin tara ruwan sama. Aka koya wa manoma jera duwatsu da dasa ciyawa da itatuwa a gicciyen gangare, yadda ƙasa za ta tsaya, da yin takin gargajiya don tsohuwar gona ta farfaɗo. Aka kafa ƙungiyoyin adashe da ba da rance, saboda wanda rashin lafiya ko kuɗin makaranta ya taso masa ya sami inda zai ranta maimakon ya sari itace ya ƙona gawayi. Aka shiga makarantu. Har bikin shekara-shekara ake yi da sunan tsuntsun, da ganguna da wasan ƙwallo. Wani zai ce mene ne haɗin adashe da tsuntsun teku? Haɗin shi ne, gonar da take ba da amfani ba ta tilasta wa mai ita ya matsa sama, kuma mutumin da ya ga an kula da cikinsa shi ne yake ɗaure karensa idan an roƙe shi.

Mu da muke nesa da teku ba za mu ga Diyablotin a sararinmu ba, amma muna da namu mai ƙwai ɗaya. Angulun nan da ta cika mahautanmu da bakin kasuwa a da, ita ma ƙwai ɗaya take yi a kaka, a kan dogon itace. Guba da cinikin sassan jikinta da sare manyan itatuwa sun rage ta, har a 2015 aka sa ta a jerin waɗanda suke dab da ƙarewa. Ku tambayi mahautan garinku yaushe rabon da su ga tarinta. Duk malamin gonar da zai yi wa jama'a magana a kan ƙunar daji ko sarar itacen gawayi, yana da kyau ya zo da amsar tambayar da tabbas za a yi masa: to da me za mu yi girki, da me za mu biya bashi?

A can Karibiyan kuwa ana ci gaba da neman sauran ramukan, domin waɗanda aka sani ba su isa su haifi dubban da ake gani a teku ba. Ana amfani da na'urar rada irin ta jiragen ruwa a kafa ta a bakin kwari da dare, da na'urorin naɗar sauti da ake bari a daji. A 2015 rada ta nuna tsuntsaye 968 masu irin tashinsa suna shiga da fita duwatsun tsibirin Dominika, inda aka ɗauka sun ƙare tun ƙarni na 19, kuma an yi ta hawa duwatsun a shekarun da suka biyo baya ana neman ramukansu. A 2019 an kama guda goma a teku daura da Karolina ta Arewa aka ɗaura musu na'ura don su nuna hanyar gida. A ɓangaren Haiti, rashin tsaro na 'yan shekarun nan ya sa masana daga waje ba sa iya zuwa yadda suka saba, don haka duba ramuka da kula da kyamarori da gandun dashen itatuwa ya koma hannun 'yan ƙasar da manoman da aka horar.