Farin nan da ke fitowa a saman fangali ba ado ba ne

Salam 'yan uwa manoman rani na Jos da kewaye, ya aiki ya sanyi. Satin da ya wuce na leƙa wani lambu a bakin kogin Dilimi, wani dattijo ya ce min "Malam zo ka ga abin da ke damuna", ya kai ni fangalin latas ɗinsa, saman ƙasar ya yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa, bakin ganyen duk ya ƙone, shukar kuma ta langaɓe alhali ƙasar jiƙe take sharkaf. Shi a ganinsa ƙishi ne, shi yasa inji ke aiki safe da yamma, fetur na ƙonewa a banza. Na ce Baba wannan ba ƙishi ba ne, gishiri ne, kuma yadda kake ban ruwan nan ma yana ƙara shi.

Duk ruwan da muke ja, na rafi ne ko na kududdufin kuza ko rijiya, akwai gishiri narke a ciki ko da harshe bai ji ba. Rana da iskar hunturu su kwashe ruwan, gishirin ya zauna. Gobe ka ƙara, jibi ka ƙara. Takin zamani shi ma nau'in gishiri ne, kashin kaji ma in ya yi yawa haka. To in wurin kwari ne babu inda ruwa zai tsane, ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ya taso kusa da saiwa ya dinga turo gishirin sama, ita kuma saiwa ba ta iya zuƙar ruwa daga ƙasa mai gishiri, shi yasa zaka ga shuka na tsaye cikin laima amma tana bushewa. Albasa da karas da latas da wake su ne basa jure wannan ko kaɗan, tumatir da kabeji sun ɗan fi su haƙuri, alkama ta fi duka.

Mu a Jos Allah ya rufa mana asiri, daminarmu na kawo ruwa sama da milimita 1,000 a shekara, tana wanke mafi yawan abin da ya taru da rani. Amma fa wankin nan ina yake tafiya? Mu a kan tudu muke. Dilimi ta gangara Bauchi ta haɗu da kogin Jama'are, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya shiga Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Kogin Kaduna da na Gongola ma daga tudun nan suka taso. Can ƙasa ruwan sama kaɗan ne, rana ta fi zafi, abin da muka sako musu ba shi da mai wanke shi da sauƙi, kuma masu sha da masu kamun kifi da makiyaya duk ruwan nan suke jira.

Akwai wani sinadari da ake kira seleniyam da nake so ku san labarinsa. Jiki na buƙatarsa amma ɗan mitsitsi, babban mutum kamar maikurogiram 55 a rana (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), in ya wuce kima sai gashi ya fara zuba, farce ya dinga karyewa, baki na warin tafarnuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikurogiram 40 a lita ɗaya. A Kalifoniya ta Amurka, a kwarin San Joaquin, manoma na ban ruwa a kan ƙasar da asalinta laka ce ta tsohon teku mai ɗauke da seleniyam, ruwan da ya tsane daga gonaki aka tara shi a tafkin Kesterson, a 1983 sai aka fara ganin 'yan tsakin tsuntsayen ruwa na ƙyanƙyashewa babu ido, ƙafa a murɗe, ƙwai da yawa sun mutu a ciki. Babu wanda ya zuba guba da hannunsa fa, ruwan ban ruwa ne kawai ya narko abin da ke kwance cikin ƙasa ya kai shi inda kifi da tsuntsu ke kiwo. Dole aka toshe magudanan da ke kai ruwan gonakin tafkin a 1986. Duwatsun tudun Jos galibi ba irin waccan lakar ba ce, amma hanyar ɗaya ce, ruwan da ya wuce buƙatar shuka ba ya komawa kogi hannu sake, mu namu guzurin shi ne taki da maganin feshi da dattin tokar bola da wasu ke zubawa a lambu har da fasassun batira a ciki.

Kogin Kolorado da ke gangarawa daga Amurka zuwa Meziko ma gishirinsa ya yi yawa har Meziko ta koka, aka yi yarjejeniya a 1973, Amurka ta yi doka a 1974, kuma cikin manyan ayyukan da suka sa a gaba akwai shafe hanyoyin ruwa da siminti ko sa bututu don kar ruwa ya dinga tsiyaya cikin ƙasa, da koya wa manomi ya ba gona daidai abin da take so. Wannan kam ba sai mai kuɗi ba. Tiyon da ya huje a ɗaure shi ko a canza. Kafin ka tada inji ka tona ƙasa tsawon yatsa ka dunƙula, in ta dunƙulu ka bari sai gobe. Ban ruwa da sassafe ko yamma ya fi na tsakar rana, kuma gara ka ba shi ya ratsa sosai ka huta kwana biyu da ka dinga yayyafi kullum yana bushewa a sama. Ka rufe fangali da busasshiyar ciyawa. Taki ka raba shi kashi biyu ko uku, dan Allah a daina juye buhu lokaci ɗaya sannan a kora shi da ruwa, kuɗinka ne ke tafiya rafi. Mai hali ya sa tiyon ban ruwa na ɗigo-ɗigo.

In farin ya riga ya fito kamar na Baba, ana wanke shi da ruwa mai kyau, amma sai an fara haƙa magudana a gefen gangare tukuna, in ba haka ba ruwan zai kwanta gishirin ya dawo. Kuma kar bakin magudanar ya zuba kai tsaye cikin rafi, a bar ciyawa tsakani ta tare laka da taki.

Wanda ke shakkar ruwansa ya ɗebo a gora mai tsafta, ya ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin kafin ya cika, ya kai wa malamin gonan yankinsa a nemo inda za a auna. Akwai ɗan ƙaramin mita mai auna gishiri da ake tsomawa a ruwa, in ya nuna ƙasa da 0.7 a ma'auninsa na dS/m ruwan lafiya lau ne, in ya haura 3 kar a kai shi kan albasa ko karas. Baba dai mun auna mishi inda magudanar zata bi, yaransa sun fara haƙa, zan koma bayan sati biyu in ga sabon ganye.