Waiwaye: Yadda lura da mara lafiya ta kuɓuce daga hannun nas

Duk lokacin da aka ce mara lafiya ya cika cikin dare a asibiti, kafin a yi sadakar uku magana ta rabu gida biyu. A zauren ta'aziyya da shafukan Facebook na mutanen Katsina da Daura, wasu su ce an je kiran nas ta ce a jira. Ma'aikatan jinya su mayar da cewa mutum ɗaya ko biyu ne ke kwana da ɗaki guda cike da gadaje, abokan aikinsu kuwa sun tafi Ingila da Saudiyya. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Sai dai ana maganar kamar abin bara ya faro, alhali saiwarsa ta kusa shekara 40 a ƙasa.

Farkon labarin sananne ne. Makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860 ita ta mayar da jinya sana'ar da ake koya, kuma ginshiƙin koyarwarta shi ne lura da mara lafiya. A Nijeriya an kafa hukumar ungozomomi a 1930, ta ma'aikatan jinya a 1947, Jami'ar Ibadan ta fara digirin jinya a 1965, sannan doka mai lamba 89 ta 1979 ta haɗe hukumomin biyu. Tsarin da aka gada na zagaye ne: nas ta bi gado gado duk awa 4 da ma'aunin zafi da agogo, ta auna zafin jiki, ta ƙirga bugun jini da numfashi, ta rubuta a takardar da ke ƙafar gado. Wanka, juya wanda ba ya iya motsi, ba shi abinci, auna fitsarinsa, duk aikinta ne ko na ɗaliban da ke ƙarƙashinta.

Wurin da hanya ta karkace ba shi da rana, babu kuma takardar da aka sa wa hannu, shi ya sa ba a cika tuna shi ba. A 1986 farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, darajar naira ta bi shi, ɗakunan ajiyar magani na asibitoci suka wofince. A 1987, shekarar da aka cire jihar Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna, ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin sayar da magani domin kuɗin ya riƙa juyawa ana sayo wani. Tsarin ya dawo da magani kan kanta a wurare da dama. Amma tun daga lokacin da ya zama sai an fita an sayo sirinji, safar hannu, kanula da ledar ƙarin ruwa, kowane gado ya buƙaci ɗan aike. Mai jinya, wanda da ma can yana zuwa da kunu da addu'a, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin gado ya zama ɗaya daga cikin masu tafiyar da ɗakin. Tun da yana nan, shi zai yi wanka, shi zai ba da abinci, shi zai zubar da fitsari, shi zai leƙa ya ce, "Sista, ruwan ya ƙare." Aka bar nas da allura, rabon magani da rubutu. Harshenmu ma ya nuna inda aka kwana: wanda ya yi shekara 3 yana koyon aikin shi ne "ma'aikacin jinya", amma "mai jinya" ƙanen mara lafiya ne ko surukarsa.

An ɗauka aikin ƙazanta aka sauke wa nas. A zahiri idonta aka ɗauke daga jikin mara lafiya. Wajen wanka ne ake ganin fatar ƙugu ko diddige ta canza launi, ta yi ɗumi ko tauri, wato gyambon kwanciya na shirin ɓullowa, abin da juyawa duk awa 2 ke hanawa. Wajen ba da abinci ne ake gane mai shanyewar ɓarin jiki ba ya iya haɗiya. Ƙa'ida ita ce a zaunar da shi sosai, a gwada ƙaramin cokali na ruwa, a saurari tari ko canjin murya. Ɗansa kuwa, don tausayi, zai ɗura masa kunu yana kwance, kunun ya bi hanyar iska, bayan kwana biyu zazzaɓi da limoniya su taso a rasa daga ina.

Fitsari ya fi duka ban takaici. Babban mutum ya kamata ya fitar da aƙalla rabin mil a kowane kilo na nauyinsa cikin awa ɗaya, mai kilo 60 ke nan mil 30. Idan ya gaza haka awanni a jere, ko dai jini ba ya isa ƙoda, ko ƙodar ta fara gajiya, ko robar fitsarin ta toshe. Mai jinya mai tsafta zai zubar da ledar tun ba ta cika ba, ya wanke hannu, bai san ya zubar da shaidar farko ba.

Ƙarin ruwa kuma lissafi ne. Robar da aka fi amfani da ita ga manya tana ba da ɗigo 20 a kowane mil. Idan likita ya rubuta mil 500 cikin awa 8, sai a ninka 500 da 20, a raba da minti 480, a sami kusan ɗigo 21 a minti ɗaya, kuma da agogo ake saita shi. Wanda ya gaji da zama, ko ya ga kamar da ruwan ya shige za a sami sauƙi, zai iya murza maƙullin, leda ta ƙare ƙasa da rabin awa. Ga mai ƙarfi ba lallai a ga komai ba. Ga yaro mai tamowa, ko tsoho mai ciwon zuciya, ko mai ciki da jininta ya hau, ruwan nan huhu zai taru.

Daga baya na'ura ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Ma'aunin hawan jini mai batir da ɗan abin da ake maƙala wa yatsa, wanda ya bazu sosai bayan korona, suna ba da awon jini, bugun zuciya da yawan oksijin cikin ɗan lokaci. Ba sa ƙirga numfashi. Shi sai an tsaya minti ɗaya cur ana kallon ƙirji, gara ma a riƙe wuyan hannun mara lafiya kamar ana jin bugun jini, don in ya san ana ƙirgawa zai canza. Inda aiki ya yi yawa, gurbin numfashi a takarda sai ya cika da 20, 20, 20, tun safe har dare, kuma duk wanda ya san aikin ya san ba jiki ne ya faɗi haka ba. Ga shi numfashi na daga cikin abubuwan da ke fara canzawa idan jiki zai rikice, awon jini kuwa a baya yake zuwa. Matashiya mai jego za ta iya zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na jininta kafin awonta ya faɗi. Shi ya sa ake raba bugun zuciya da lambar sama ta awon jini: bugu 110 a kan awo 100 ya haura 0.9, zubar jini ake nema nan take ko da tana hira. Abin yatsan ma ba a sakankance da shi. Yatsa mai sanyi da farce mai fenti suna ruɗa shi, kuma wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2020 ya nuna ya fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata.

Ba mu kaɗai muka yi wannan sakaci da awo ba. Wani bincike na 1990 a Amurka ya gano kashi 84 cikin 100 na waɗanda zuciyarsu ta tsaya a gadon asibiti an rubuta alamun taɓarɓarewarsu cikin awa 8 kafin nan. An gani, an rubuta, ba a motsa ba. Irin wannan sakaci ne ya sa a Ingila aka fito da tsarin ba wa awo maki a 1997, ya zama na ƙasa a 2012, aka sabunta shi a 2017. Numfashin babba 12 zuwa 20 ba shi da maki, 25 ko fiye maki 3 ne. Haka oksijin 91 ko ƙasa, lambar sama ta awon jini 90 ko ƙasa, bugun zuciya 131 ko fiye, da sabon ruɗewar hankali, kowanne maki 3. Jimla ta kai 5 a kira likita da gaggawa, ta kai 7 a tara kowa. Amfaninsa shi ne ya ɗaure lamba da mataki, ya kuma ba ƙaramar nas bakin tashin likita ƙarfe 3 na dare ba tare da jin nauyi ba. Ba a amfani da wannan ma'auni ga masu ciki ko yara. Yara nasu daban ne: numfashi 60 a minti ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa shekara 1, 40 daga nan zuwa shekara 5, duk saurin numfashi ne.

A 2014 Nijeriya ta fito da manufar raba ayyuka, wadda ta faɗaɗa abin da nas, ungozoma da ma'aikacin lafiya na al'umma za su iya yi inda likita ya yi nisa. Ga ƙauyukan da ke bayan Daura ko Baure wannan ceto ne. Amma shawara ta ƙaru a hannun nas a daidai lokacin da abin da za ta gina shawarar a kai yake hannun wani.

Ɗauki mai jijjigar haihuwa. Bayan allurar farko ta maganiziyam salfet, maganin tsayar da jijjigar, a tsarin da aka fi bi a nan ana ƙara giram 5 a ɗuwawu duk awa 4. Kafin kowace allura nas za ta tabbatar da abu uku: numfashi bai gaza 16 a minti ba, gwiwa na zabura idan an buga ta, fitsari kuma ya kai mil 30 a awa. In ɗaya ya gaza sai a dakata, domin ƙoda ce ke fitar da maganin, idan ta ja baya ya taru ya danne numfashi, makarinsa kuwa giram 1 na kalsiyam gulukonet ne ta jijiya a hankali. Biyu daga cikin ukun nan, numfashi da fitsari, su ne daidai waɗanda aka daina ƙirgawa ko aka bar wa mai jinya.

Mai jinya ba zai tashi daga gindin gado ba, ba kuma za a sami ma'aikatan da za su maye gurbinsa bana ko baɗi ba. Abin da ke hannu shi ne minti biyar ranar da aka ba da gado. Nas ta tsaya ta ce, "Inna, kada a taɓa maƙullin ruwan nan, kada a zubar da fitsari sai na rubuta yawansa, kada a ba shi komai ta baki yana kwance. Idan numfashinsa ya yi sauri, ko ya fara sambatu, ko barci ya yi nauyi ba ya tasuwa, ko hannunsa ya yi sanyi yana gumi, ki zo ki kira ni ko ina wajen wani." Ita kuma nas idan ta zo, ta taho da agogo.