Hoton jijiyoyin zuciya: tasirin shekaru da jinsi

Hoton jijiyoyin zuciya bincike ne da ake yi da na'urar sikana domin duba jijiyoyin da ke kai wa naman zuciya jini. Iri biyu aka fi yi: awon kalsiyam ɗin da ya daskare a bangon jijiya, wanda ba ya buƙatar allura, da kuma hoton da ake zuba ruwan aidin ta jijiyar hannu don cikin jijiyoyin ya fito sarai. Kafin na biyun akan duba lafiyar ƙoda, a ba da maganin da ke rage bugun zuciya zuwa kusan 60 a minti, domin idan tana saurin bugawa hoton yakan yi dishi-dishi.

Sakamakon ba ya tsayawa shi kaɗai. Tun 1979 wasu likitocin zuciya biyu, Diamond da Forrester, suka nuna cewa shekaru, jinsi da irin ciwon ƙirjin su ke nuna yiwuwar toshewa tun kafin a ɗauki hoto. Ma'aunin Agatston na 1990, wanda ake auna yawan kalsiyam da shi, yana ba da maki: 0 babu kalsiyam, ƙasa da 100 kaɗan ne, 400 zuwa sama ya yi yawa. Amma maki 50 a jikin namiji ɗan shekara 75 abu ne da aka saba gani, alhali a jikin mace 'yar 45 ya zarce na kusan duk sa'o'inta, kuma gargaɗi ne babba.

Ga matashi, kitsen da ya taru a jijiya sau da yawa bai kai ga daskarewa ba, saboda haka maki 0 ba ya wanke wanda bai kai 45 ba idan yana ciwon ƙirji, musamman mai shan taba ko mai ciwon suga. Ga tsoho kuwa, kalsiyam mai yawa yana ƙyalli a hoto har ya rufe ramin jijiya, sai toshewar ta bayyana fiye da yadda take, a tura mutum binciken da bai kamace shi ba.

Lamarin mata ya fi wuyar karantawa. Kalsiyam yakan makara musu da kimanin shekara 10, galibi sai bayan ɗaukewar al'ada. Jijiyoyinsu sun fi sirantaka, kuma sau da yawa cutar tana cikin ƙananan jijiyoyin da sikana ba ta gani. Mace kan dawo gida da hoto mai kyau alhali ciwonta na gaske ne. Sallamarta ba tare da magani ba kuskure ne. Ga 'yan mata kuma akwai batun illar hasken na'urar (radiyeshan) da ke ratsa nono.

Binciken MESA na Amurka, wanda aka fara a 2000, ya gano baƙar fata sun fi turawa ƙarancin kalsiyam, don haka a yi hattara da ɗora alƙaluman waje kan mutanen Garwa, Marwa ko Njamena. A yankin nan hawan jini ne kan gaba, kuma mai jego da numfashi ke yi wa wuya, an fi zargin raunin naman zuciya, wanda hoton eko (hoton zuciya da ake ɗauka da sauti) ke nunawa. Kafin iyali su haɗa kuɗin tafiya Yawunde ko Duwala don ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya, ya kamata likita ya fara da awon jini, suga da gwajin bugun zuciya.