Jiragen Ruwan Sintiri da Tsaron Teku

Jirgin ruwan sintiri jirgi ne na gwamnati, galibi a hannun rundunar sojin ruwa ko masu gadin gaɓar teku, wanda aka ƙera domin ya daɗe yana kewaya ruwan ƙasa yana tabbatar da doka. Aikinsa ya fi kusa da na ɗan sanda fiye da na soja a fagen daga. Shi ne mai tare jirgin da ake zargi, mai korar masuntan da suka shigo ba izini, mai farautar 'yan fashin teku da masu fasa-ƙwaurin mai ko ƙwaya, kuma shi ake kira idan wani jirgi ya kama nutsewa. Ƙanana daga cikinsu ba sa nisa da gaɓa. Manyan kuwa, waɗanda tsawonsu kan kama daga mita 60 zuwa sama da 100, suna iya yin wata guda a tsakiyar teku ba su nemi tasha ba, kuma da su ne ƙasashe irin Faransa da Birtaniya suke tsaron tsibiran da suke mulka a nesa da gida.

Ƙira da kayan aiki

Wanda ya saba ganin hoton jirgin yaƙi cike da makamai masu linzami zai raina jirgin sintiri da farkon gani. Yawanci igwa guda ce a gabansa, sai 'yan bindigogi masu sarrafa kansu a gefe. Da gangan aka yi shi haka. Abin da aka rage na makami an mayar da shi wajen tankin mai, rumbun abinci, na'urar rada, filin saukar jirgi mai saukar ungulu, da ƙananan kwale-kwale masu gudu da ake saukarwa daga jikinsa. Misali, sabbin jiragen sintirin Birtaniya na rukunin River suna da tsawon mita 90, igwarsu mai bakin milimita 30 ce, amma suna iya kwana 35 a teku. Kuɗin ƙera babban jirgin yaƙi guda zai sayi irinsu da dama, kuma ma'aikatan da suke buƙata ba su kai rabin na wancan ba.

Kwale-kwalen nan su ne ainihin hannun jirgin. Idan rada ta nuno wani jirgin kamun kifi da ya kashe na'urar da ke bayyana sunansa da inda yake, kwamanda zai kira shi ta rediyo ya umarce shi ya tsaya. Sai a sauke kwale-kwale da sojoji kaɗan, su matsa jikin jirgin, su hau ta tsanin igiya, igiyar ruwa tana ɗaga su tana sauke su. A sama za a tara ma'aikatan wuri guda, a karɓi takardar rajista da lasisi, a auna idon raga don a ga ko ƙanƙantarsa ta wuce doka, a buɗe ɗakin sanyi a duba irin kifin da ke ciki. Idan jirgin dakon mai ne, takardar lodi ake kwatantawa da abin da ke cikin tanki. Mafi yawan aikin sintiri ke nan, kuma da wuya a harba harsashi ko ɗaya.

Dokar da ta haifar da buƙatarsu

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sanya wa hannu a Jamaika a 1982 ta fara aiki a 1994, ita ta raba teku kashi-kashi. Mil 12 na teku daga gaɓa ruwan ƙasa ne, dokarta tana aiki a cikinsa kamar a tudu, illa dai jiragen wasu ƙasashe suna da 'yancin wucewa cikin lumana. Daga gaɓa zuwa mil 200 kuma yankin tattalin arziki ne na musamman: kifi, mai, iskar gas da duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ruwan na ƙasar ne ita kaɗai. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne, ke nan ana maganar kilomita 370.

Kafin a kai ga wannan an sha rigima. Tsakanin 1958 da 1976 ƙasar Aisland ta yi ta faɗaɗa iyakar kamun kifinta, daga mil 12 zuwa 50 zuwa 200, Birtaniya kuma tana tura jiragen yaƙi su raka masuntanta. Aisland ba ta da rundunar sojin ruwa, sai 'yan jiragen sintiri. Dabarar da suka ɓullo da ita ita ce jan wani ƙarfe mai kaifi a bayan jirgi, su gilma ta bayan jirgin masunta su datse igiyar ragarsa. An yi ta karo da juna a teku, daga ƙarshe Birtaniya ce ta haƙura. Darasin da ƙasashe suka ɗauka shi ne, haƙƙin da doka ta ba ka a teku yana nan a takarda kawai har sai kana da jirgin da zai je wurin ya tsaya.

Yankunan ƙetare

Tun da kowane tsibiri da mutane za su iya rayuwa a kansa yana jawo wa mai shi mil 200 na teku ta kowace fuska, tsibiran da Turawa suka riƙe bayan mulkin mallaka sun zama dukiya mai yawa. Yankin tekun Faransa ya haura murabba'in kilomita miliyan 10, Amurka ce kaɗai ta fi ta, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan ruwa ba a Turai yake ba. Yana kewaye da Folinesiya, Sabuwar Kaledoniya, Reunion, Mayotte, Martinique, Guadeloupe, Guyana ta Faransa da wasu tsibirai masu tsananin sanyi a kudancin tekun Indiya.

A farkon shekarun 1990 Faransa ta ƙera jirage shida na rukunin Floréal ta rarraba su a waɗannan wurare. Yanzu tana ƙara wasu shida masu tsawon mita 80, na farkonsu, Auguste Bénébig, ya isa Nouméa a 2023. An sanya wa rukunin sunan Félix Éboué, baƙar fata haifaffen Guyana wanda yake gwamnan Chadi a 1940 lokacin da ya mara wa Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, baya. Aikinsu ya bambanta da wuri. A Kerguelen, cikin tsibiran nan masu sanyi, ɓarayin wani kifi mai tsada ake fako, a Guyana ana share teku kafin a harba roka daga Kourou, a Karebiyan kuma hodar iblis ake tarewa, aikin da Holan ma take yi daga Curaçao da manyan jiragenta na rukunin Holland. Danmak tana da nata masu jure ƙanƙara a Greenland da tsibiran Faro.

Birtaniya tana da yankunan ƙetare 14. Tsarinta shi ne ta kai jirgi ta bar shi a can shekara da shekaru, ma'aikata ne ake sauyawa ta jirgin sama. Haka aka kai HMS Forth tsibiran Falkland a 2020, Medway Karebiyan, Tamar da Spey tekun Fasifik a 2021, Trent kuma Jibralta, daga inda ya zo har Legas a 2021.

Labarin Falkland ya nuna ƙarfin jirgin sintiri da iyakarsa a lokaci guda. Tsibiran suna da nisan kusan kilomita 13,000 daga Birtaniya, kimanin 500 kacal daga Ajantina, wadda take kiransu Malvinas tana cewa nata ne. A 1981 gwamnatin Birtaniya ta sanar da cewa za ta janye HMS Endurance, jirgin sintirinta tilo a yankin, don rage kashe kuɗi. Masu nazarin yaƙin da yawa suna ganin sojojin da ke mulkin Ajantina sun fassara wannan da cewa Landan ta saki tsibiran. Ranar 2 ga Afrilun 1982 suka mamaye su. Endurance yana yankin, amma ba shi da ƙarfin hana komai. Sai da aka turo rundunar jiragen yaƙi daga Ingila, aka gwabza har 14 ga Yuni, aka rasa sojojin Ajantina 649, na Birtaniya 255, da mazauna tsibirin uku. Kasancewar jirgin sintiri a wuri saƙo ne cewa wurin yana da mai shi, amma idan yaƙi ya ɓarke wasu jiragen ake nema.

Ba kowa ne ya yarda da kalmar tsaro a nan ba, kuma masu ƙorafin suna da hujja. Komoros har yau tana cewa Mayotte tata ce, kuma mutanenta da yawa sun halaka a ƙananan kwale-kwale suna ƙoƙarin kauce wa masu sintirin Faransa. A 2019 Kotun Duniya ta bayyana ra'ayinta cewa raba tsibiran Chagos da ƙasar Moris (Mauritius) da Birtaniya ta yi bai halatta ba, bayan an riga an kwashe mutanen wurin don a gina sansanin soja a Diego Garcia, mafi girman tsibiran. Jirgin da wani yake gani a matsayin mai gadi, wani tutar mulkin mallaka yake gani a kansa.

Najeriya da mashigin tekun Gini

Najeriya ba ta da yankin ƙetare, amma tana da gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 850, da rijiyoyin mai a cikin teku, da yankin haɗin gwiwa da Sao Tome da Principe bisa yarjejeniyar 2001. Manyan jiragen sintirinta sun haɗa da NNS Thunder da NNS Okpabana, tsofaffin jiragen masu gadin gaɓar Amurka da aka karɓa a 2011 da 2014, sai NNS Centenary da NNS Unity da aka ƙera a ƙasar Sin suka iso a 2015 da 2016. A 2021 aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilar wasu biyu masu tsawon mita 76.

Fashin wannan yanki ya sha bamban da na Somaliya. Can jirgin ake kamawa da duk abin da ke cikinsa a tsare shi watanni. A nan da farko mai ake kwashewa, daga baya aka koma sace ma'aikata a shige da su surƙuƙin Neja Delta a nemi kuɗin fansa. A 2020, cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a mashigin Gini ne. A Janairun 2021 aka far wa jirgin kwantena mai suna Mozart, aka kashe mutum ɗaya aka tafi da 15.

Martanin ya zo ta hanyoyi da dama. Ƙasashe 25 na yammaci da tsakiyar Afirka sun amince da tsarin musayar bayanai a Yawunde a 2013. Najeriya ta kafa dokar hukunta fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin tsaron teku mai suna Deep Blue na dala miliyan 195 a 2021, tare da na'urorin sa ido na Falcon Eye. Daga 2022 garkuwa da ma'aikata ta ragu ƙwarai. A cikin waɗannan matakai, dokar ta cancanci a tsaya a kanta. A Nuwamban 2021 wani jirgin yaƙin Danmak ya yi arangama da 'yan fashi a kudu da ruwan Najeriya ya kashe huɗu, amma da aka rasa ƙasar da za ta gurfanar da waɗanda aka kama, sai aka saki uku a kwale-kwale, ɗaya mai rauni aka tafi da shi Danmak. A ɗaya ɓangaren, mutum goma da sojin ruwan Najeriya suka kama a 2020 kan jirgin kamun kifi na Sin da suka ƙwace, Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure kowannensu shekara 12 a 2021. Kama ɗan fashi ba tare da kotun da za ta karɓe shi ba wahalar banza ce.

Alaƙarsa da Kano

Kano tana da nisan kusan kilomita 1,000 daga teku ta hanyar mota, shi ya sa Bakano kan ɗauki maganar sojin ruwa a matsayin ta mutanen kudu. Amma dilolin yadi da shadda da ake saukewa a Kantin Kwari, kayan gyaran mota, magunguna da injinan masana'antun Sharaɗa da Bompai, mafi yawansu ta Apapa ko Tin Can ko Onne suka shigo, wasu ta Kwatano da Lome. Riɗi, citta, zoɓo da fatun da ake tarawa a Dawanau da majemun Kano ta can suke fita. Idan kamfanonin inshora na Landan suka sanya wani ruwa cikin jerin wurare masu haɗari, kamar yadda suka yi wa ruwan Najeriya, kowane jirgi da zai shiga sai ya biya ƙarin kuɗi, wani ma ya ɗauki hayar jirgin rakiya. Mai jirgi ya ɗora a kan kwantena, mai kwantena ya ɗora a kan dila, har ya iso kan mai sayen yadi biyar na ɗinkin salla. Hukumar NIMASA mai kula da sufurin jiragen ruwa a Najeriya ta daɗe tana neman a cire wannan ƙari tun da hare-hare suka lafa. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a 2023 ta ƙara ɗaure kasuwancin Kano da abin da ke faruwa a teku.

Gyara da kulawa

Matsalar da ta fi cin rundunonin ruwan Afirka ita ce riƙe jirgi yana aiki bayan an saye shi. Gishirin teku yana cin ƙarfe, inji yana buƙatar kayan gyara daga ƙasar da ta ƙera shi, man fita sintiri guda kuɗi ne mai yawa. NNS Aradu, babban jirgin yaƙin da Najeriya ta karɓa daga Jamus a 1982, ya shafe shekaru a ɗaure a tasha saboda irin wannan. Runduna mai jirage daga Amurka, Sin, Faransa, Jamus da Turkiyya tana buƙatar injiniyoyi da rumbun kayan gyara na kowane iri daban. Wannan ne ya sa ƙera jirgi a gida yake da muhimmanci ko da ƙarami ne: ma'aikatar gyaran jirage ta sojin ruwa a Legas ta ƙera NNS Andoni a 2012, NNS Karaduwa a 2016 da NNS Oji a 2021. A zamanin Vice Admiral Awwal Zubairu Gambo, ɗan jihar Kano da ya shugabanci rundunar daga 2021 zuwa 2023, aka kafa kwalejin horar da jami'an samar da kayan aiki ta sojin ruwa a Dawakin Tofa, inda ake koyar da lissafin mai, abinci da kayan gyaran da jirgi yake buƙata kafin ya bar tasha.