Masu kifin ado, ku kula da iskar CO2 da dare

Salamu alaikum jama'a. Wanga jan hankali ne ga matasan da suka fara ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi da tsirrai a ciki, don abin ya fara shigowa nan Birnin Kebbi, kuma yawanci a bidiyon waya suka ga ana tura wa ruwan iskar CO2, wato irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ganye ya yi kore shar. Gaskiya ne tana aiki. Tsiro in ya samu haske yana shan CO2 ya saki oksijin, kuma wani ɗan Japan, Takashi Amano, wanda ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka yaɗa wagga dabara a duniya. Amma fa masu bidiyon nan ɗakinsu da sanyi kuma ba a ɗauke musu wuta, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40.

In haske ya mutu tsiro ya daina shan CO2, shi ma sai ya koma shaƙar oksijin kamar kifin, to ga ruwa ya ɗumama, ruwan ɗumi kuma bai riƙe oksijin da yawa, ga an ɗauke wuta injin hura iska da filta sun tsaya, in kuma CO2 na ci gaba da shiga to da asuba za ka tarar da kifi a saman ruwa suna buɗe baki suna haki, wasu sun kife. Mu da muka saba da tarwada nan ne ake ruɗuwa, don ita tana da abin shaƙar iskar sarari, hawowarta sama ba komai ba ne, shi ya sa take jure ruwan da karfasa ba ta iyawa. Yawancin ƙananan kifin ado ba su da wannan gatan, in ka gan su a sama suna haki to shaƙewa suke.

Hanyar samar da CO2 da ta fi ba ni tsoro ita ce ta gorar lemo, wadda ake haɗa sukari da yis da ruwa a ja siririn tiyo zuwa cikin akwatin. Tana da arha ba musu, amma ba ta da makunni, yis bai san dare ya yi ba, kuma zafi na ƙara masa kuzari, wato lokacin da kifi ya fi wahala shi ne gorar ta fi aman iska. Kar kuma ka ce za ka toshe bakinta, fashewa za ta yi. Da magariba zare tiyon daga ruwa ka bar shi ya sha iska. Ka sa gora ta biyu a tsakani don kar kumfar yis ta gangaro cikin akwatin.

Mai silindar CO2 shi da sauƙi in ya sa regileta da bawul mai aiki da lantarki a kan taima, ta kunna awa 1 ko 2 kafin fitilar akwatin, ta kashe awa 1 kafin a kashe fitila, kuma in wuta ta tafi bawul ɗin rufewa yake da kansa. Sai dai silindar a tsaye ake ajiye ta, a ɗaure, a inuwa, ban da bayan taga ko cikin mota, don in zafi ya wuce digiri 31 matsin da ke ciki hawa yake da sauri.

CO2 ɗin da ake nema bai wuce miligiram 20 zuwa 30 a kowace litar ruwa ba. Akwai ɗan gilashi mai ruwan launi da ake liƙawa a ciki: shuɗi iska ta yi kaɗan, kore daidai, ruwan ɗorawa ta yi yawa. Amma yana da nawa, sai ya yi awa 1 ko 2 kafin ya canza, don haka kifin ka fi kallo. Ka fara da kumfa ɗaya a daƙiƙa 2 ko 3, ka ƙara a hankali ranar da kake gida. In ka ga haki, rufe gas nan take, kaɗa saman ruwan ko da kofi ne kana ɗiba kana zubawa daga sama, sannan ka canza kusan rabin ruwan.

Ni dai a ganina wanda bai da sola ko inbata da za ta riƙe injin iska har safe ya haƙura da gas ɗin. Shukar ruwan da ake kira Anubias, wadda asalinta ma Afirka ta Yamma ne, tana rayuwa lafiya ba CO2, sai dai girmanta a hankali. Kainuwa kuwa daga sarari take shan tata, a dinga rage ta kawai kar ta rufe saman ruwan.